Ƙafar Zalɓe a Littafin Manya

Dorcas Maslen ta yi shekara talatin da ɗaya tana girki a gidan Aldmoor, kuma a duk kwarinmu na Wennel babu macen da ta kai ta yawan karatu. Amma takarda ɗaya tak ta taɓa karantawa tun daga farko har ƙarshe. Dalili kuwa, makarantarta bakin tanderu ce. Duk takardar da masu gida suka gama da ita, ko ta wa'azi ce, ko ta shari'a, ko wasiƙar da tawada ta ɓata, kicin ake sauko da ita a shimfiɗa a ƙarƙashin burodin nama don kada gindinsa ya ƙone. Ita kuwa Dorcas ba ta yarda takarda ta shiga wuta sai ta bi ta da yatsa layi-layi. Ta san rabin wa'azi ya fi ɗari. Ta san farkon wata rigimar gona tsakanin wasu 'yan uwa biyu a Dorset, har ta koma ga Allah ba ta san wanda ya ci ba. Mahaifiyarta ce ta koya mata karatu da Littafi Mai Tsarki. Rubutu kam babu wanda ya koya mata, don a zamanin ana ganin 'yar talaka ba ta da abin rubutawa.

Gajeriya ce mai jiki, hannayenta duk tabon ƙuna, bakinta kuwa ya fi wuƙarta kaifi. Ta auri wani makiyayi, Nathaniel Maslen, suka yi shekara tara, zazzaɓi ya ɗauke shi ya bar mata sunansa da wani gurgun kare. Daga nan ta shiga kicin ba ta sake fita ba. Amma in kana so ka ga fuskarta ta saki, ba zancen miji za ka yi mata ba, zancen ubanta za ka yi.

Ubanta, Osmund Rebbeck, shi ne farkon mai nutsar da fadamu a kwarin nan. Yau kowa ya san in sanyi ya kama ana ɗaga ƙofofin ruwa, a saki kogi ya bi ta kan ciyawa, zurfinsa bai wuce kaurin yatsa ba, yana tafe ba ya tsayawa, don kada ƙanƙara ta kashe saiwa. In Maris ya kama a rufe, ƙasa ta tsane, a kora tumaki cikin ɗanyar ciyawa tun maƙwabta suna kankare gindin rumbu. Kafin Osmund kuwa, Maris watan binne 'yan raguna ne a wurinmu. Kayan aikinsa shebur ne da jakar ƙaiƙayi, shi ke nan. Yakan haƙa magudana, ya saki ruwa, ya watsa ƙaiƙayi a kai, ya bi shi a hankali kamar mai rakiyar baƙo. Inda ƙaiƙayin ya yi jinkiri sai ya sassabe ƙasa, inda ya cika gudu sai ya ƙara mata. Dorcas tana 'yar shekara tara ita ce mai riƙe jakar. Cikin shekara bakwai ya yi fadama goma sha ɗaya, kuma a kan dutsen dokin kowace ƙofar ruwa, can ƙasa inda ruwa ke rufewa, ya sassaƙa ƙafar zalɓe, yatsu uku gaba ɗaya baya. Alamarsa ke nan, tunda bai san ko baƙi ɗaya ba. Sanyin ruwan ya zauna masa a ƙirji, ya mutu yana da hamsin da ɗaya. Katakon da aka kafa a kabarinsa tuni ya ruɓe.

A watan Fabrairu na shekarar 1686 Mista Lemuel Goslet ya sauka a gidan Aldmoor. Wani dogo ne siriri, aljihunsa duk ya kumbura da takardu, ba shi da gida ba shi da mata, sai yawo daga gidan wannan mai hali zuwa na wancan, yana tara labaran manyan mutanen zamaninsa. Wane alƙali ne ke tsoron kyanwa, wane likita ne ke yi wa dokinsa magana da Latin, wane bishop ne ya yi gyangyaɗi a tsakiyar wa'azin kansa, duk Goslet ya sani. Cinsa cin mutum uku, kuma babu wanda ya san inda abincin ke zuwa. Amma fa a ba shi haƙƙinsa. Duk abin da ya rubuta sai ya sa a gefe wanda ya faɗa masa, in kuma bai tabbata ba sai ya bar gurbi ya rubuta “a tambayi wane”. Mista Humphrey Aldmoor, maigidan, shi ya gayyato shi don ya sa marigayi mahaifinsa, Sir Gervase, a cikin littafin. An tsayar cewa ranar Lahadi Goslet zai karanta tarihin a gaban baƙi wurin cin abincin rana, Litinin ya tattara littafinsa ya wuce.

Ranar Alhamis aka sauko wa Dorcas da takardun banza kamar kullum. Ta zaro guda mai ɗigon tawada a tsakiya, wadda Goslet ya riga ya kwafe ya yar, ta ɗora yatsa.

“Sir Gervase Aldmoor, mutum mai zurfin tunani, shi ne ya fara nutsar da fadamun Wennel. Da kansa ya auna ƙasar da wani ma'aunin tagulla da ya zo da shi daga Italiya, ya sa 'yan ƙodago suka haƙa. Ɗansa ne ya faɗa mini.”

'Yan ƙodago! Ta karanta wurin sau uku, ranta na tafasa. Shekara bakwai na ƙafa cikin ƙanƙara, da tarin da ya kashe mutum, an dunƙule su a kalma biyu, ko suna babu. Abin da ya fi tayar mata da hankali, ta san halin takarda. Maganar baki tana mutuwa da masu ita, amma abin da wannan dogon ya kwasa ranar Litinin shi jikokin jikoki za su riƙe a matsayin gaskiya. Ta ninke takardar ta cusa a aljihu, ta tura burodin cikin tanderu babu shimfiɗa. Ranar ce gindin burodinta ya fara ƙonewa a gidan.

Da yamma Goslet ya leƙo kicin neman guntun cuku, kamar yadda ya saba.

“Uwar tanderu, yau me ya sami burodinki? Na ɗauka gawayi aka ba mu a faranti.”

“Ƙaryar da ka rubuta ce na ƙi shimfiɗa masa, yallaɓai. Na ji tsoron kada ya yi ɗaci.”

Ta ajiye masa takardar a kan tebur. Ya dube ta, ya dubi takardar, baki buɗe.

“Wai kin iya karatu? To ina ƙaryar a nan? Daga bakin ɗansa na ji.”

“Ɗansa yana shan nono lokacin da aka yi aikin. Ubana ne ya yi, Osmund Rebbeck. Ni na riƙe masa jaka.”

Goslet ya ja kujera ya zauna, ya yanki cukun da ba a ba shi ba. “Inna Dorcas, kada ranki ya ɓaci. Na zaga ƙasar nan kaf, duk ƙauyen da na shiga akwai tsohuwar da ubanta ne ya gina coci, ko ya koya wa sarki hawan doki. Ke 'yar Osmund ce, shi kuma ɗan Sir Gervase ne. Kun yi kunnen doki ke nan. Wa zan bi?”

“To idonka fa, ɗan wane ne?”

“Idona? Nawa ne mana.”

“Shi za ka bi. Gobe da safe ka sa takalmin da ba ka so, ka same ni a bakin kogi.”

Ya zo kuwa, don Goslet ya fi son a ce masa “zo ka gani” da a ce masa “zo ka ci”, kuma ka san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sanyi na tsinka kunne, fadamu duk sun sha ruwa suna sheƙi. Dorcas na gaba da jakar ƙaiƙayi a kafaɗa, tana taka laka kamar wadda ta dawo gidan ubanta. Ta fara kai shi fadamar da ke gindin babban gida, mai ƙofar ruwa ta farin dutse. A jikin dutsen, sama inda kowa zai gani, an sassaƙa sunan Sir Gervase da shekara, har da hoton ma'aunin tagulla.

“Ga shi nan!” in ji Goslet, yana murna. “Kin kawo ni ne ki kayar da kanki?”

Ba ta tanka ba. Ta ɗebi ƙaiƙayi ta watsa a ruwa. Ya ɗan gusa, ya tsaya, ya yi ta juyi a wuri ɗaya, daga baya ma ya dawo ya manne a jikin ƙofar. Sai a sannan Goslet ya ɗaga kai ya lura da fadamar. Ciyawar kududdufi ce kawai da ƙwan kwaɗi, ga wari.

“Wannan ita kaɗai ya auna da abin tagullarsa,” in ji ta. “Ya ga aikin Baba ya yi kyau, ya ce bari a nuna wa talaka yadda ilimi ke yi. Shekara uku ana haƙa. Tunkiyar da ta kwana biyu a nan kofatonta ruɓewa yake yi.”

Suka ƙetara zuwa ta gaba, mai ƙofar tsohon katako, ba suna ba ado. Ta watsa ƙaiƙayi. Kai, da ka ga yadda ya tafi! Ya bi babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙanana, ya malala ta kan ciyawa bai tsaya ko'ina ba, Goslet na binsa da sassarfa, takalminsa na cika da ruwa, har ya ga ya koma kogi can ƙasa. Ya dawo yana haki.

“Naɗe hannun rigarka,” in ji Dorcas. “Sa hannu ƙarƙashin ƙofar, ka laluba dutsen.”

“A ruwan nan? Haba, Inna! Kashe ni za ki yi?”

“Ubana ya yi shekara bakwai a ciki. Kai ko addu'a ɗaya ba za ka kai ƙarshenta ba ka fito.”

Ya durƙusa yana ƙunƙuni, ya tsoma hannu har kafaɗa, ya saki wata ƙara kamar an taka wa kare jela. Sai kuma ya yi shiru, idonsa ya tsaya.

“Akwai abu. Layi uku... da ɗaya a baya.”

“Ƙafar zalɓe. Alamarsa ce. Tana nan a goma sha ɗaya.”

Da wani ne, guda ta ishe shi. Goslet sai da ya laluba duka goma sha ɗayan, haƙoransa na kaɗawa, hannunsa ya koma shuɗi. Bai tsaya nan ba. Ya ja ta har coci, ya takura wa limamin cocin ya fito da tsohon littafin aure, ya yi ta buɗawa da yatsun da suka ƙi lanƙwasa, har ya kai shekarar 1626. Ga ta nan a gindin shafi, ƙafar zalɓe, kusa da ita an rubuta da hannun wani limamin da ya daɗe da mutuwa: alamar Osmund Rebbeck. Goslet ya buga tsalle a cikin ɗakin Allah, babu kunya.

A hanyar komawa ne murnar ta sake shi. Ya rage tafiya, ya sunkuyar da kai.

“Inna Dorcas, kin san a gidan wa nake kwana? Kin san wa ke ciyar da ni?”

“Na san wa ke dafa maka.”

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

“Ban ce ka cire Sir Gervase ba,” in ji ta. “Ƙasarsa ce, katakonsa ne, ya ciyar da masu haƙa, bai taɓa zagin Baba ba. Rubuta wannan, gaskiya ne. Amma wanda ya koya wa ruwan tafiya yana da suna.”

Ranar Asabar Goslet bai leƙo kicin ba ko sau ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba. Dorcas ta sha jinin jikinta. Ta san mutumin da ba shi da murhun kansa ba ya faɗa da mai murhu. Ta yi ta dukan kwaɓin fulawa kamar shi ya yi mata laifi.

Ranar Lahadi bayan an taso coci, teburin ya cika: limamin coci, masu gonaki uku da matansu, Mista Humphrey a kai yana ta shafa tumbi. Can gefen murhu aka ajiye mahaifiyarsa, Uwargida Philippa, matar marigayin, wadda ta haura saba'in da biyar. Kowa ya ɗauka kurma ce, don ta daɗe da daina amsa maganar da ba ta ga dama ba. Dorcas ta ƙi bari kowa ya ɗauki burodin nama, ta shigo da shi da kanta, ta ajiye, ta ja ta tsaya a bakin ƙofa.

Goslet ya miƙe, takarda na rawa a hannunsa. Ya karanta haihuwar Sir Gervase da tafiyarsa Italiya, da yadda ba ya cin abinci sai ya ga an ba dokinsa, da yadda ya buɗe rumbunsa a shekarar yunwa. Humphrey na ta gyaɗa kai. Sai Goslet ya yi gyaran murya, ya saci kallon bakin ƙofa.

“Shi ya ba da ƙasa da katako aka yi fadamun Wennel. Amma wanda ya tsara su, ya auna su da shebur da ƙaiƙayi, wani talaka ne, Osmund Rebbeck, wanda bai iya rubuta sunansa ba. Na laluba alamarsa a ƙarƙashin ƙofa goma sha ɗaya da hannuna, har yanzu hannun bai gama dawowa ba. Sir Gervase ya auna guda da ma'aunin tagulla, kwaɗi suna gode masa har yau.”

Wani manomi ya shaƙe da giya. Humphrey ya miƙe, fuska ja wur.

“A gidana? Da namana a cikinka? Wane maƙaryaci ne ya cusa maka wannan?”

“Ni ce, ranka ya daɗe,” in ji Dorcas daga bakin ƙofa. Gwiwoyinta na rawa, amma muryarta ba ta yi ba.

Ɗakin ya yi tsit. Humphrey ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ji wani sauti daga gefen murhu kamar tsohuwar ƙofa na buɗewa. Uwargida Philippa ce ke dariya, har da hawaye.

“Humphrey, zauna, kana tare mini wuta. Kai me ka sani? Ranar da aka saki ruwa a fadamar nan ubanka ya dawo da laka har kunne, ya wurga abin tagullar a rijiya, kwana uku bai yi wa kowa magana ba. A na huɗu ya aika wa Osmund da rago, ya ce ruwa ya fi jin maganarsa. Shekara arba'in ina jiran wani ya tambaye ni, duk kun ce ni kurma ce.”

Kafin kowa ya motsa, Goslet ya riga ya zaro alƙalami. “Wace rijiya, ranki ya daɗe? Ta bayan barga ko ta lambu?”

Nan teburin ya fashe da dariya, har limamin coci. Humphrey ya yi tsuru-tsuru, ya dubi uwarsa, ya dubi baƙinsa, ya ga babu wanda ke raina ubansa, hasali ma ɗaya daga cikin manoman na cewa ba kowane babba ne zai aika wa talaka rago a kan ya fi shi ba. Ya koma ya zauna a hankali.

“To a sa zancen ragon ma,” in ji shi. “Dorcas, tsayuwar me kike yi? Zo ki yanka mana burodin nan kafin ya huce.”

Ta zo ta yanka. Ta ba Goslet kason da ya kai na mutum huɗu, kuma babu wanda ya ce don me.

Litinin da safe, doki na jiransa a waje, Goslet ya shigo kicin. Ta riga ta ɗaure masa guzurin burodin nama, kuma da ya ɗaga gefensa ya leƙa, sai ga tsohuwar takardarsa mai ɗigon tawada a ƙarƙashi, ta sha mai ta yi ja.

“Yanzu ta sami aikin da ya dace da ita,” in ji Dorcas.

Ya share gefen tebur da hannun riga, ya shimfiɗa mata sabon shafi. Ba a cikin tarihin Sir Gervase kawai ya sa shi ba. Shafi guda ya ware, tsakanin na wani alƙali da na wani bishop, a sama an rubuta OSMUND REBBECK da manyan baƙaƙe. Ta goge hannu sau biyu a rigarta, ta ɗora yatsa. Ta karanta shebur da ƙaiƙayi, ta karanta fadama goma sha ɗaya, ta karanta tarin da ya kashe shi. A gefe an sa: 'yarsa Dorcas ce ta faɗa mini, kuma na gani da idona. Babu inda takardar ta yanke, babu tanderu na jira. Ta kai ƙarshe, ta tsaya, hawaye na bin kumatunta, daɗi ya cika ta kamar ta tashi sama.

“Ya yi?” in ji Goslet.

“Ya yi, yallaɓai. Sai dai abu ɗaya.” Ta share ido. “Baba bai iya karatu ba. In ya zo ya duba, ta ina zai gane shi ne?”

Goslet ya daɗe yana kallonta. Ya buɗe kwalbar tawada, ya tsoma alƙalami, ya miƙa mata. Tana da shekara hamsin da takwas, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ta damƙe shi kamar muciya, ta sunkuya, harshe a waje, ta ja layi uku gaba, ɗaya baya, daidai kusa da sunan.